Lambar da Injiniya Ya Sare wa Kai

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Baiwar Allahn da ta turo min saƙo cewa wai na cika zafin kai, wai da ita aka kawo wa miji mai mota a zamanin da ko keke sai ɗan gata da ko takalmi ba za ta tsaya sawa ba, to 'yar uwa gyara zama. Yau zan ba ki labarin mai motar, in kin ji ya yi miki sai ki ɗauka ki kai gidanku.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Zinariya, 'yar garin Turawa ce ni ta ƙasar Karaye. Abin da nake ba ku ya faru ne ina budurwa, ba a daɗe da yanke wa Rogo ƙaramar hukumarta ba. Na yi difloma ta kwamfuta a Kano, na dawo gida da takarda da kuma baki, dangin mahaifina suka ce bakin ya fi takardar tsawo. Ban musa ba.

Baba ya rasu ina makaranta. Abin da ya bar wa Inna shi ne mu huɗu da gona guda a bakin dam, irin wurin da ruwa kan rufe da damina, in ya janye ya bar ƙasa baƙa wuluk. Filin duka na ƙungiyar manoman rani ne da su Baba suka kafa, duk shekara ƙungiya ke tabbatar wa kowa wurinsa. Baba shi ne mutum na tara da ya shiga, don haka wurinsa na kusa da ruwa. Inna ta gaji wurin, ta riƙa kai masa takin awaki a kanta, kwando bayan kwando, tana dasa albasa. Albasar nan ita ta ciyar da mu, ita ta kai ni Kano. Ku riƙe wannan, don a kan gonar nan duk maganar take.

Shugaban ƙungiya kuwa Baffa Sulle ne, wan mahaifina, kuma waliyyina. Mutum ne mai son a ce shi ya fara. Da ya gaji da rigimar iyaka duk shekara sai ya ce kwamfuta za a sayo, ɗaya a ofishin Karaye, ɗaya a sabon reshen da aka buɗe a Rogo. Wanda ya samu kwangilar shi ne Lukumanu, ɗan abokinsa, wanda ya yi 'yan watanni a Legas ya dawo ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ni aka ɗauka in zauna a kan ta Karaye, shi ya riƙe ta Rogo. Tun ranar da Baffa ya gan mu tsaye a gaban inji ɗaya ya yanke a ransa cewa ai Allah ya haɗa.

Yanzu bari in gaya muku aikin, kada wata ta ce na rikita ta. A ƙauyenmu suna ba ya raba mutane. Mata masu suna Turai uku ne a lungunmu kaɗai. Ka tambayi mace sunan mijinta ta ja mayafi ta ce "shi wannan", ka tambayi na ɗan farinta ta ce "yaron nan". Wani an raɗa masa Nasiru, amma duk gari Ɗanjuma aka sani. Saboda haka aka ce kowane manomi kwamfuta ta ba shi lambar da duk duniya ba mai irinta. Lambar tana da kai, tana da gindi. Kan yana faɗin wace kwamfuta ce ta bayar da ita, ta Karaye ko ta Rogo. Gindin yana faɗin mutum na nawa ne a wurin wannan kwamfutar, bisa jerin yadda aka shiga ƙungiya.

A cikin inji lambar nan ba rubutu ba ce, ido ba ya iya karanta ta. Ni na rubuta furogiram guda biyu. Na farko ya fito da ita ya mai da ita haruffa da alƙaluma goma sha biyu da mutum zai gani. Na biyu, in aka buga masa waɗannan haruffan, ya mai da su ainihin lambar ya nemo mai ita. Na kuma ɗaure na biyun da sharaɗi: in aka kawo masa lamba ba cikakkiya ba, ko harafi ɗaya ne ya ɓace, ya ƙi karɓa. Wallahi na ji daɗin aikin nan, har yau in na tuna sai na ji kaina ya yi girma. Aka shirya za a buga wa kowa tasa a kan guntun kwano mai huji, tunda takarda a fadama in ruwa bai ci ta ba akuya za ta ci.

Lokacin babu wayar hannu, ku 'yan yanzu ku gode wa Allah. Duk ran kasuwa direban a-kori-kura ke ɗauko faifan kwamfuta daga Rogo a cikin ambulan, in zuba abin da ke ciki a tawa, in zuba nawa a ciki ya mayar. To a cikin faifan nan Injiniya yake cusa min saƙon soyayyarsa. Ina buɗewa sai in ga:

"Zinariyar zuciyata, Injiniyanki na gaisuwa. Jiya na kunna kwamfuta, fuskarki na gani a gilashi. Ki sani duk ƙasar Karaye da Rogo babu mai irin ƙwaƙwalwata, kuma ke na zaɓa. Ki yi wa Allah godiya."

Kun ji fa. Ni ce ma zan yi godiya. Sai in goge in ci gaba da aikina, wani lokacin har da tsaki, janareto na rufa min asiri.

Wata Asabar bayan la'asar ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa sai na ji ƙarar motar Injiniya, Fijo, a ƙofar gida, an taka mai sau biyu kafin a kashe, don kada wani a Turawa ya ce bai ji ba. Inna ta fito daga ɗaki har tana tuntuɓe da turmi.

"Tashi, tashi! Haka za ki fita kamar mai aikatau? Ɗauko atamfar nan mai ruwan goro."

"Inna, ai ya saba ganina a ofis."

"Ofis daban, zaure daban. Ki shafa turare. Kuma don girman Allah yau ki bar shi ya gama magana kafin ki sa baki."

Na sa atamfar, na yafa gyale ruwan madara, na ɗauki kwanon fura na fita. Yana zaune a kan tabarma a zaure, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shadda fara ƙal an yi mata aiki har ciki, hula zanna an karkata ta, takalmi sau-ciki da safa cikin wannan zafin. A hannunsa agogo mai kalkuleta, wanda yake dannawa duk sanda aka yi masa tambaya, ko da kuwa ina kwana ce. Turarensa kuwa ya riga ya kori kajin da ke kwana a zauren.

"Ranki ya daɗe, amaryar Injiniya."

"Sannu da zuwa, Malam Lukumanu. Ya hanya? Ya mutanen Rogo?"

"Lafiya lau. Kawo hannunki, na zo miki da abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan."

Ban kawo hannun ba, sai ya ajiye a kan tabarma. Guntun kwano ne, sabo, yana ƙyalli. Kwanon Inna ne, ya ce shi ya fara cirowa don girmamawa. A sama, da manyan haruffa tun daga wannan gefe har wancan, an buga LUKUMANU KWAMFUTA KANO DA LEGAS. A ƙasa, can a lungu, 0009.

Na juya bayansa. Babu komai.

"Ina sauran lambar?"

"Na rage mata kaya," ya faɗa yana kurɓar fura. "Maƙerin ya ce kwanon ba zai ɗauki sunan kamfani da wannan doguwar jelar taki ba. Dole ɗaya ya sauka."

"Shi ne ka sauke lambar."

"To sunana kike so in sauke?"

Jama'a, ku ji min mutum. Na haɗiye abin da ya taso min, na tuna gargaɗin Inna, na ce a hankali, "Furogiram ɗin ba zai karɓi guntuwar lamba ba. Haka na tsara shi."

"Ai na gani. Na cire wannan taurin kan da kika sa masa. Yanzu in an buga masa huɗun ƙarshe, duk wanda ya fara cin karo da shi mai irinsu, shi ne. Sauri, sauƙi. Haka ake yi a Legas."

"Malam Lukumanu, kwamfutar Rogo ma daga ɗaya ta fara ƙirga. Akwai na tara a Karaye, akwai na tara a Rogo. Kan lambar ne kawai ya raba su, kai kuma ka sare shi. Mutanen Karaye ne suka riga shiga inji, su za ta fara gani. Duk mutumin Rogo da ya kawo kwanonsa, gonar mutumin Karaye za ta ba shi."

Ya danna agogonsa, ya yi murmushi irin na wanda yaro ya ba shi dariya.

"Matsalar mace in ta yi boko ke nan, sai ta riƙa hango aljanu da rana tsaka. Mutanen Rogo nawa ne duka? Ba su fi ashirin ba. Ki bar wa maza wannan, ke dai ki fara tunanin kalar labulen ɗakinki."

Na ɗauke kwanon furar tun bai gama ba. Da na shiga gida Inna ta leƙa ta ga saura, ta dafe ƙirji ta ce na kashe ta.

Washegari na je wurin Baffa Sulle. Na durƙusa, na gaishe shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan yadda na yi muku. Yana ta ɓare goro bai ko ɗago ba. Da na gama ya ce, "Wanda ya sayo injin ne ya fi saninsa, ko ke da aka ɗauka ki riƙa dannawa? An riga an buga kwanuka, an raba. Ki fara koyon yi wa mijinki biyayya tun yanzu, zai fi miki." Na ce Baffa ai ba a ɗaura ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Ruwa ya fara janyewa, lokacin rabo ya zo. Rogo suka riga mu yin nasu, faifai ya iso, na zuba. Ranar namu aka fito da tebur gindin darbejiyar ƙofar ofis, aka ja waya daga janareto, aka rufe kwamfuta da lema. Mutane suka yi layi, maza gaba, mata can baya. Baffa ya sha babbar riga yana zagayawa yana faɗa wa kowa cewa daga yau an daina rigima, inji bai san ɗan gida ba bai san baƙo ba, abin da ya ce shi ke nan. Kowa ya miƙo kwanonsa in buga, inji ya faɗi gonarsa, firinta ta yi ƙara ta fito da 'yar takarda.

Rana ta take kafin layi ya zo kan Inna. Ta sa zanenta na zuwa biki da farin mayafi, ta ƙulle kwanon a bakin zanen kamar kuɗi. Irin albasar da ta yafa a bayan gida ya riga ya isa dashe, ko da safen nan sai da ta shafa shi ta ce ya yi kyau bana. Ta kwance ƙullin da haƙori ta miƙo min, ba ta kalle ni ba, kun san 'yar fari. Amma na ga bakinta yana motsi, daɗi take ji 'yarta ce a kan kujerar.

Na buga sifili uku da tara. Inji ya rubuto: AN RIGA AN BAYAR.

Na sake bugawa, ko da na san amsar. Na duba ciki na ga abin da ya faru. Wani Malam Nasidi, malamin allo daga Ruwan Bago, shi ne na tara a Rogo. Ya kai kwanonsa, inji ya ciro gonar Inna ya ba shi. Sunan mace ya fito a gilashi, ba wanda ya damu, tunda kullum maza ke kawo kwanukan matansu da iyayensu, Injiniya kuwa ba ya karanta sunan da ba nasa ba.

"Me ya ce?" Inna ta tambaya a hankali.

"Inna, kuskure ne. Ki ɗan jira."

Baffa ya matso ya leƙa. Ya karanta da ƙarfi, yadda har na ƙarshen layi sai da ya ji. Ya ce, "To, kun gani da idonku. Matar ƙanena ce, 'yarta ce a kan injin, amma bai ɗaga mata ƙafa ba. Na gaba!" Wasu har da kabbara. Inna ta karɓi kwanonta ta mayar bakin zane ta ƙulle, ta ce min sannu da aiki, ta juya. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da aka watse, Injiniya ya shigo ofis yana kaɗa makullin mota. Na nuna masa gilashin. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya rufo ƙofa rabi.

"Ƙaramin abu ne wannan. Akwai wata tsohuwa Lami, ba ta zo ba yau, an ce tana kwance. Wurinta ba laifi. In goge ta in sa Inna, ba mai sani."

"Ita kuma in ta tashi?"

"In ta tashi ai inji ya riga ya faɗa." Ya matso yana rage murya. "Tukwicina kaɗan ne, ki ce wa Baffa kin amince a sa rana. Kin ga surukata ba za ta rasa gona ba."

Na kalle shi tun daga hular har safar. Namiji har namiji, ya cinye gonar gwauruwa don sunansa ya samu wurin zama a kan gwangwani, yanzu kuma zai biya ta da gonar mara lafiya, a ba shi mata a kai. Na ce, "Malam Lukumanu, ko gonar da babu kowa a kanta ka ba ni ba zan aure ka ba, balle ta Iya Lami. Abin da za ka yi shi ne ka tsaya gaban mutane ka ce ka yi kuskure, a karɓo kwanukan a sake bugawa da cikakkiyar lamba." Ya yi dariya ya ce Injiniya ba ya kuskure, sai dai a kasa fahimtarsa. Ya fita ya bar min turarensa.

Sai wani tunani ya zo min. Mutanen Rogo ashirin ne, ke nan mutum ashirin na farko a Karaye duk an bayar da gonakinsu. Su waye ashirin na farko? Waɗanda suka kafa ƙungiya. Na buga lamba ɗaya, lambar Baffa. An riga an bayar. Na buga biyu, ta liman. An bayar. Ta uku, ta mai unguwa. An bayar. Ba wanda ya gani a wurin rabo saboda manya ba sa shiga layi, kowa ya san gonarsu. Har na yi dariya ni kaɗai a ofis. Na ce yau Baffa zai saurare ni, tunda wutar ta kama gefen rigarsa.

Na same shi a zaurensa bayan la'asar yana sauraron rediyo. Na durƙusa.

"Baffa, barka da yamma. Na zo ne in gaya maka, taka gonar ma inji ya bayar da ita ga mutumin Rogo."

Ya rage muryar rediyon.

"Na sani."

Na zaci ban ji daidai ba.

"Tun shekaranjiya mutumin ya zo da takardarsa. Na ce masa nan wurina ne, na nuna masa wani can sama, ya yi godiya ya tafi. Na liman ma haka, na mai unguwa ma haka. Duk an daidaita, ba wanda ya ji."

"To Baffa, ta Inna fa?"

"Ta uwarki daban. Malam Nasidi ya riga ya shiga, ya ja kunya, ya fara dashe. Malami ne mai jama'a, in aka tashe shi duk reshen Rogo zai watse. Kuma in na tashe shi me zan ce wa mutane? In ce injin da na kawo ya yi ƙarya? In ce yaron da zan ba 'yata bai iya aikinsa ba?"

"Amma Baffa, a gaban jama'a ka ce inji bai san ɗan gida ba."

"Kul! Ni kike mayar wa magana?" Ya gyara zama, ya sassauta murya, wadda ta fi tsawar muni. "Ke yarinya ce. Mace mai shekarun uwarki me take nema a fadama? Hutu Allah ya kawo mata. Kina shiga gidan Lukumanu shi zai ɗauki cinta da shanta, har da ƙannenki. In kuwa kin ƙi, to ki nemo abin da za su ci, don ni nawa iyalin sun ishe ni."

Kun ga inda aka biyo da ni ko? Injin da ba ya ƙarya, ashe mutum goma sha tara ya yi wa ƙarya aka gyara da fatar baki a cikin zaure. A kan mace ɗaya da mijinta ke kabari ne kawai ya zama mai gaskiya. Na tashi ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi wa Baffa ba.

Na koma gida na tarar da Inna a madafi. Ta yi tuwo, muka ci. Na ce gobe ba ni zuwa ofis, Ruwan Bago zan nufa in nemi Malam Nasidi. Ta ce in ci abincina.

Da safe na fito na tarar ɗakinta a rufe. Na zagaya bayan gida. Wurin irin albasa ya zama fili, an tuge shi tas, sai ramukan yatsu a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙanwata ta ce tun da aka idar da sallah Inna ta ɗora kwando ta yi bakin dam.

Ban tsaya sauya kaya ba. Da atamfar da na sa don zuwa Ruwan Bago da takalmi mai tsini na bi hanyar, ina nutsewa a laka ina zarewa, har na cire takalman na riƙe a hannu. Tun daga nesa na hango ta. Tana cikin gonarmu, ta ɗaure zane a ƙugu, ta duƙa a layi ɗaya da wasu mata uku 'yan ƙodago, tana soka yatsa tana dasawa.

"Inna! Me kike yi a nan?"

Ba ta ɗago ba. "Ido gare ki."

"An mayar miki ne?"

"Malam na neman masu dashe, na zo. Irinsa bai isa ba, na ba shi nawa. In ya ƙara kwana a bayan gida lalacewa zai yi, gara ya shiga inda na yi masa taki."

"Ƙodago, Inna? A gonar Baba?"

Sai a lokacin ta miƙe, tana dafe da baya. Laka har gwiwar hannunta. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni gefe, nesa da matan.

"Ki saurare ni da kyau. Bawan Allahn nan bai san tawa ba ce, takarda aka ba shi. Baffanki ya aiko jiya, jibi za a kawo kayan sa rana. A gidansu muke zaune, ƙannenki a hannunsa suke. Na yafe gonar. Ni na yi mata wahala, ni na ce na yafe. Shekarunki sun ja, duk sa'o'inki da goyo, na gaji da sunkuyar da kai a gidan biki. In kika buɗe baki kika ɓata wannan abu, Zinariya, ban yafe miki ba."

Ita da ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni. Duk bakin nan nawa da dangi ke kuka da shi, na neme shi na rasa.

Muna haka sai ga wani dattijo ya taho ta kan kunya, siriri, da farar riga da ta sha wanki, ya naɗe wando zuwa ƙwauri, carbi a hannu. Ya tsaya ɗan nesa ya yi sallama, ya gaishe mu da gajiya, ya tambayi mutanen gida. Inna ta amsa tana sunkuye, ba ta saki hannuna ba.

"Baiwar Allah," ya ce da Inna, "na ji an ce ke 'yar garin nan ce. Tun da na shigo gonar nan abu ɗaya ke damuna. Ƙasar nan ba haka kawai ta yi kyau ba, wani ya zuba ƙarfinsa a cikinta shekara da shekaru. Na tambayi shugaban ƙungiya ya ce mai ita ya rasu. Ko kun san magadansa? Ina so in ji da yardarsu na shigo, don ba na son in ciyar da iyalina abin da ke da haƙƙin wani."

Faratan Inna suka nutse a fatata. Matan nan uku sun daina dashe, sun zuba mana ido. Malam yana tsaye yana jira, yana jan carbinsa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga mai ita nan a gabanka. Tun safe take yi maka ƙodago."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Inna ta saki hannuna a hankali, ta goge lakar da ta shafa min da bakin zanenta, ta koma layinta ta duƙa. Na kira ta sau biyu, ba ta waiwayo ba.